Neman kalmar Hausa: me za mu kira "bakof"?

Wanda ya buɗe zancen:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakonku a kan wata kalma da ta daɗe tana ba ni wahala, wato abin da masu harkar kwamfuta suke kira "bakof", kwafin fayiloli da ake ajiyewa saboda ranar da asalin ya ɓace. Asara ce ta kawo ni wannan tambaya. Shekaru uku da suka wuce na harhaɗa wata ƙaramar na'urar ajiya a gida, na sa mata fayafai biyu masu cin terabait 4 kowanne, na jona ta ta kebul da rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutocin gida da juna da kuma intanet), sannan na saita su bisa tsarin RAID 1, wanda duk abin da aka rubuta a kan faifai ɗaya nan take ake rubuta shi a kan ɗayan. Da wannan tsari fayafan da jimillarsu ta kai terabait 8 sai suka ba ni wurin terabait 4 kawai, kuma na yarda da ragin domin ina ganin kwanciyar hankali na saya. Duk lokacin da mutanen gida suka tambaye ni ko hotunanmu da takardunmu suna da bakof, sai in ce musu suna da "ajiya biyu", kuma abin da ni kaina na gaskata ke nan.

Wata rana ina tsara fayiloli daga kwamfutata, sai na goge wata folda bisa kuskure, mai ɗauke da hotunan iyali na kusan shekara biyu. Abin da aka goge a kan na'urar da ke can ƙarshen kebul ba ya bi ta kwandon shara na kwamfutar da ke gabanka, sai fa idan an kunna wa na'urar nata kwandon, ni kuwa ban kunna ba. Na garzaya ga faifai na biyu, na tarar da shi ma ya bi umarnin a daidai wannan daƙiƙa, domin aikin da na ba shi ke nan. Fayafan biyu lafiyarsu ƙalau, hotunan kuwa sun tafi.

Da na zauna na yi tunani sai na ga kalmar da nake amfani da ita ta taimaka wajen ruɗa ni. "Ajiya" sunan duk wurin da fayil yake ne, ko guda ɗaya ne tak. Ina son kalmar da idan ka faɗe ta, wanda bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba zai gane cewa kwafi ne da aka keɓe domin ranar da asalin ya ɓace. Shawarata ita ce "kwafin ko-ta-kwana". Me kuka gani?

Wani malamin Hausa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Kafin mu ɗauki sabuwar kalma, ya kamata mu duba waɗanda suke yawo a rubuce-rubuce. Na ga ana sa "madadi", amma madadi abin da ya maye gurbin wani ne ba tare da ya zama shi ba. Wanda hoton mahaifinsa ya ɓace ba ya neman wani hoto a madadinsa, ainihin hoton yake nema. Na kuma ga "wariyar ajiya" a wasu fassarori na intanet. Ma'anarta ba ta yi nisa da gaskiya ba, tun da warewar ita ce ruhin abin, sai dai kunnen Bahaushe ya saba jin "wariya" tare da launin fata da nuna bambanci, kuma ban taɓa jin wani ya furta ta da bakinsa a cikin hira ba. "Rumbu" kuwa an riga an ba shi aikin babban ma'ajin bayanai, bai kamata a ɗora masa kaya biyu ba.

"Ko-ta-kwana" ta fi waɗannan duka daɗin faɗa, kuma kowa ya san ta daga labarai, inda ake cewa an sa jami'an tsaro ko ma'aikatan asibiti cikin shirin ko-ta-kwana. Ta ɓangaren harshe ban ga aibinta ba. Amma ina so masu riƙe da sukuddireba su ce wani abu, domin su ne za su san ko ta zauna daidai a kan aikin.

Wata mai gyaran kwamfuta:

Allah ya gafarta Malam, ina neman afuwa, ni dai ina ganin kalmar ta sauka a kan abin da ba shi ake nema ba. Wanda yake cikin shirin ko-ta-kwana a farke yake, yana bakin aiki, yana jiran a kira shi ya karɓa nan take. Wannan siffar faifai na biyu ce a cikin RAID 1, wato ainihin abin da ya yaudari ɗan'uwanmu. Tun daga takardar da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar a Jami'ar Kaliforniya da ke Bakli a 1988, wadda ta yaɗa sunan RAID, manufar tsarin ita ce a haɗa fayafai da yawa masu araha ta yadda mutuwar ɗaya ba za ta tsayar da aiki ba. Maganin mutuwar ƙarfe ne. Ba ya hana kuskuren yatsa, ba ya hana fayil ya lalace a kwafe lalacewar, ba ya hana ƙarfin wuta ya ƙona fayafan biyu tare tun da a akwati ɗaya suke shan wuta ɗaya.

Bakof na gaskiya kuwa amfaninsa yana cikin barcinsa. Ana so ya kasance a cire, a ajiye a gefe, bai san abin da ke faruwa a kwamfutar yau ba. Manhajojin da suke kulle fayilolin mutane su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, suna bin duk faifan da suka tarar a jone da duk foldar da kwamfutar take iya rubutu a cikinta ta hanyar sadarwa. Faifan da ke cikin aljihun tebur, kebul ɗinsa a naɗe, shi ne ba su iya kaiwa gare shi. Haka kuma bakof mai kyau yana riƙe da kwafin jiya da na makon jiya da na watan jiya, domin sau da yawa mutum ba ya gane fayil ya lalace sai bayan kwanaki. A nan da tsohuwar zuma ake magani. Idan muka kira shi ko-ta-kwana, ina tsoron mutane za su fahimci cewa wanda ya fi kyau shi ne wanda yake jone kullum yana bin asalin sawu da ƙafa, alhali wannan ne mafi rauni.

Akwai kuma abu na uku da ake cakuɗawa da su, wato faifai sabo fil wanda babu komai a kansa, da ake ajiyewa domin a sa shi idan wani ya mutu. Wannan yana da suna tun tuni a bakin direbobi: safaya. Faifan safaya yana mayar maka da wurin ajiya, ba ya mayar maka da ko fayil ɗaya.

Wanda ya buɗe zancen:

Malama, kin gama da ni, kuma na gode. Na janye shawarata a kan bakof, amma ina roƙon kada a jefar da kalmar, a ba wa faifan RAID ita, mu riƙa cewa "faifan ko-ta-kwana". Na ga amfaninsa da idona bayan waccan asara: bayanan SMART na ɗaya daga cikin fayafan, wato rahoton da faifai yake bayarwa game da lafiyarsa, suka fara nuna sassan da suka lalace suna ƙaruwa, na cire shi na sa sabo, na'urar ba ta daina aiki ba ko na minti ɗaya. Sai dai a sa'o'in da ta ɗauka tana kwafe komai zuwa sabon faifan hankalina bai kwanta ba, domin tsohon da ya rage tare aka saye su da wanda ya lalace, sun yi aiki na tsawon lokaci ɗaya cikin zafi ɗaya, ga shi ana karanta shi daga farko har ƙarshe ba hutawa. A wannan daren ne na fi jin rashin abin da muke nema wa suna. To Malam, me ya rage mana?

Malamin Hausa:

Bayanin Malama ya sauƙaƙa aikin, domin yanzu mun san siffofin da kalmar za ta ɗauka: an yi abin tun kafin buƙata, an keɓe shi daga abin da ake amfani da shi yau da kullum, kuma ba a taɓa shi sai ranar larura. Hausa tana da kalma mai wannan ma'ana duka, ita ce "tanadi". Mai tanadi yana cire wani abu daga hannunsa na yau ya ajiye domin gobe, kuma kowa ya san cewa tanadin da ake ɗiba kullum ya daina zama tanadi. Kalmar tana kuma ɗauke da gargaɗin lokaci, irin na masu cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka ina ba da shawarar "kwafin tanadi".

Na sa "kwafi" a gaba da gangan. Idan aka ce "tanadi" kawai, wani zai kwashe hotunansa daga waya ya zuba a filashi, ya goge na wayar, ya ce ya yi tanadi, alhali har yanzu kwafi ɗaya gare shi, wuri kawai ya sauya masa. "Kwafi" kalmar aro ce, amma ta zauna a Hausa tun zamanin takarda, ta haifi "kwafa" da "kwafe", babu dalilin ƙyamarta.

Kalma ba ta tabbata sai an gwada ta a jimla. "Ka yi wa wayarka kwafin tanadi kafin ka kai ta gyara." "Yaushe rabonka da sabunta kwafin tanadi?" "Faifan ya mutu, amma mun maido da komai daga kwafin tanadi." Jam'inta ma bai yi nauyi ba: kwafe-kwafen tanadi, ko kuma a ce kwafin tanadi guda biyu. Aikin dawo da fayiloli daga cikinsa kuwa "maidowa" ya ishe shi.

Mai gyaran kwamfuta:

Na amince, Malam, kuma zan fara amfani da ita da masu kawo mini aiki. Na gwada ta a kan ƙa'idar da ake kira 3-2-1, ta shiga ba tare da tilas ba: ka mallaki kwafi uku na abin da ba ka son rasawa, wato asali da kwafin tanadi biyu, a kan nau'in ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani gini dabam ko a ma'ajin intanet, saboda gobara da sata ba sa zaɓen faifai.

Ina so in tsaya a kan "maidowa", domin ita ce rabin da ake mantawa. A 1998 wani umarnin gogewa ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, da aka koma ga kwafin tanadin kamfanin sai aka tarar ba cikakke ba ne, kuma abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da wata ma'aikaciya take da shi a kwamfutarta ta gida. Ni a wurin aiki nakan zaɓi folda ɗaya in maido da ita a wata kwamfuta, in buɗe fayilolin in gani da idona, kafin in ce wa mai kaya yana da kwafin tanadi. A lissafa lokaci ma: kebul mai gudun gigabit ɗaya iyakarsa megabait 125 a daƙiƙa, a aikace kuwa wajen 110 ake samu, don haka maido da terabait 4 zai ci kusan sa'a goma idan manyan fayiloli ne, ya fi haka idan ƙanana ne masu yawa. Sannan ban cika son a yi doguwar ajiya a kan SSD (ma'ajin da babu faifai mai juyawa a cikinsa) ko filashi a jefa a aljihun tebur shekara da shekaru ba, domin cajin lantarki ne yake riƙe da bayanan a cikinsu, kuma yana raguwa a hankali idan ba a ba su wuta. Faifai mai juyawa ya fi dacewa da wannan aiki, shi ma a riƙa jona shi lokaci zuwa lokaci ana duba lafiyarsa.

Wanda ya buɗe zancen:

To mun tsaya a kan uku: kwafin tanadi, faifan ko-ta-kwana, da faifan safaya. Na sayi faifai na uku mai jonuwa ta USB, na rubuta "kwafin tanadi" da kwanan wata a jikinsa, ina jona shi duk ƙarshen mako in cire. Sauran abu ɗaya da har yanzu ba ni da sunansa, shi ne aikin da Google Drive da Dropbox suke yi na daidaita folda ɗaya a kan na'urori da yawa, inda abin da ka goge a waya yake ɓacewa a kwamfuta. Mutanen gidana suna kiransa bakof, kuma bisa abin da muka tsayar yau ya fi kusa da ko-ta-kwana. Ina tunanin "daidaitawa", amma kalmar tana da ayyuka da yawa a Hausa. Malam, Malama, ina sauraronku.