Mahaifiyata tana ajiye maganin hawan jini da zarar ta ji sauƙi

Ɗiyar Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ta waɗanda suka daɗe da wannan lalura. An tabbatar wa mahaifiyata hawan jini bayan awo ya nuna 17/10 (wato 170/100), aka rubuta mata amlodifin, ƙwaya guda kowace rana. Da zarar ciwon kai da jiri sun lafa sai ta ajiye maganin, ta ce ta warke, ta koma shan zoɓo da tafarnuwa, ba ta ƙara waiwayar ƙwayar sai jikin ya sake motsawa. Tana kuma kukan ƙafafunta suna kumbura. Shin akwai ranar da ake sallamar mutum daga wannan magani? Kuma yaya zan shawo kanta ba tare da na ɓata mata rai ba?

Ma'aikacin jinya, unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Ga mafi yawan mutane, ƙwayar ba ta kawar da hawan jini, tana riƙe shi ne kawai, saboda haka sauƙin da Inna take ji aikin maganin ne, kuma idan ta bari jinin zai sake hawa ko da ba ta ji komai a jikinta ba. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mana da hankali, domin jini yana iya zama sama da 14/9 tsawon shekaru babu ciwon kai, yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda, har ranar da za a kawo mutum ɓarin jikinsa ya shanye.

Kukan kumburin kuwa kada ki raina shi, gaskiya take faɗa: amlodifin yana kumbura idon sawu ga wasu, kamar yadda kaftofiril, wani maganin hawan jinin, yake sa wasu busasshen tari. Amma tun da ciwon zuciya da na ƙoda ma suna kawo kumburi, likita ne zai bambance, ya rage ƙarfin ƙwayar ko ya sauya mata wata. Zoɓo ba zai maye gurbin magani ba.

Dattijo daga Madarunfa:
Ɗiyata, na daɗe ina shan wannan magani, kuma a ganina dattijo ba ya karɓar umarni daga bakin wanda ya haifa, amma yana karɓar abin da idonsa ya gani. Ki raka ta awo lokacin da take shan ƙwayar, ki sake raka ta idan kin lura ta ajiye, a rubuta lambobin a takarda guda, ma'aikacin lafiya ya bayyana mata da bakinsa. Ni na haɗa shan nawa da sallar asuba, kwalin yana kusa da darduma, kuma ina sayen wani tun na hannu bai ƙare ba, domin mu na ƙauye yankewar magani ta fi mantuwa yi mana illa. A watan azumi ma ban bari ba, likita ya mayar mini da shi lokacin buɗa baki.

Uwargida daga Tibiri:
Yaya, ki duba tukunya kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, alhali dunƙulen magi da kanwar da muke jefawa a wake da miya duk suna cikin lissafin. Sannan ki tambaye ta ko tana sayen diklofenak wajen masu tallar magani saboda ciwon gwiwa, domin yana hawar da jini.

Ɗiyar Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, zan bi shawararka ta takardar awo. Diklofenak ɗin kuwa tana shansa kusan kullum, zan haɗa da kwalinsa idan za mu koma wurin likita ranar Litinin.