Neman kalma: me za mu kira "pass-through" na maɓallin wutar sabar?

Malama Mai Alli: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza mini. Gobe da ƙarfe tara zan koyar da yara masu koyon kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, kuma na yi musu alkawarin takardar darasi da Hausa. Kalma ɗaya ta zame mini ƙarfen ƙafa: "pass-through". A cikin sabar akwai ɗan guntun lantarki mai sa ido a kanta da ake kira BMC, wanda ba ya barci muddin akwai wuta a soket, ko da sabar a kashe take. Wayar maɓallin kunnawa ta cikinsa take bi, ta shiga ta ƙafar guntun ɗaya, ta fita ta wata zuwa cifset, guntun da ke kunna sabar da kashe ta. In an saita wannan abu, duk siginar da ta shiga ita za ta fita, ko da Linux, manhajar da ke tafiyar da BMC, bai gama tashi ba. Me zan kira shi?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Zarcewa. Sigina ta zo, ta zarce. Shi ke nan.

Na Damagaram: Tazarce ke nan? Mu a Nijar tun 2009, lokacin Tandja, kalmar nan ta ɗauki wani kaya daban. Ku ma kun ga taku zamanin Abacha. Malama na faɗa yara za su fashe da dariya, darasi ya watse.

Injiniya: Ban da dariyar ma, zarcewa na nuna kamar hanyar kullum a buɗe take, alhali ana rufe ta. In mai kula ya turo umarnin kunnawa daga nesa ta IPMI ko Redfish, hanyoyin aika wa BMC umarni, BMC kan katse hanyar, ya karɓi ƙafar fita, ya sauke wutarta ƙasa kamar yatsa ne ya danna maɓallin, sannan ya mayar da hanyar yadda take. A x86-power-control, sashen kunna wuta na manhajar BMC mai suna OpenBMC, wannan dannawar milisakan 200 ce. A guntun BMC samfurin AST2500 na kamfanin ASPEED ƙafafun biyu-biyu suke, GPIOE0 shiga, GPIOE1 fita, haka E2 da E3. A AST2600 aikin ya koma rukunin GPIOP. Amfaninsa kuwa, ran da BMC ya sandare, mutum na iya riƙe maɓalli daƙiƙa 4 cifset ya kashe na'urar. Ni "ratsawa" nake cewa.

Baba Malam: Kafin a kai ga ratsawa, wace Hausa ce sabar, sigina da cifset? Uwar garke tana nan, saƙo yana nan. Kun cika takarda da Turanci mai rawani, sannan kuna neman kalma ɗaya ku wanke kanku. Ni na daɗe da ƙirƙiro wa irin wannan suna: tsallake-maigadi. BMC maigadi ne, saƙo ya tsallake shi. Ko ɗan firamare zai gane.

Injiniya: Allah gafarta Malam, sunan na da daɗi a baki, sai dai ba a tsallake maigadin. Ta cikin ɗakinsa ake bi, shi ne ya bar ƙofa biyu a buɗe. A cire guntun daga allo, maɓallin ya mutu. In yara suka riƙe tsallake, ran da abu ya lalace za su tafi neman wata waya ta gefe da babu ita.

Baba Malam: Injiniya, kai ka san waya, ni na san Hausa. Shekara talatin ina koyar da ita.

Ɗan Kurmi: Ranka ya daɗe, ai "kalma" da "darasi" da "manhaja" duk daga Larabci muka aro su, ba wanda ya ce a kore su. Kuma je ka kasuwa ka ce kana neman uwar garke, a nuna maka kara, inda ake sayar da shanu.

Na Damagaram: Ni abin da ke ba ni haushi, sai Kano ta sa wa kalma hannu sannan ta zama Hausa. Na kawo "bi-ta-ciki". Da a Fagge aka faɗe ta da tuni an tafa.

Ɗan Kurmi: Bi-ta-ciki kamar sunan maganin tsutsa.

Malama Mai Alli: Don Allah a bar Kano da Damagaram su huta, sha ɗaya ta wuce. Injiniya, in gajarta in ce "ratse"?

Injiniya: A'a Malama. Ratsa gari shi ne ka bi ta cikinsa ka fita. Ratse kuwa ka kauce daga hanya ke nan, kishiyar abin da kike nufi. Bar shi "hanyar ratsawa", sai ki yi aiki da buɗe da rufe: BMC ya rufe hanyar ratsawa, ya danna da kansa, ya sake buɗewa. Kada ki ce kunna da kashe, za su cakuɗe da na sabar kanta.

Malama Mai Alli: Na ɗauki hanyar ratsawa. Zan faɗi ta Turancin sau ɗaya a farko, don ita za su tarar a cikin fayilolin saiti. Baba, na sa uwar garke a kanun darasin, amma a ciki sabar na bari.

Baba Malam: Rabin Hausa ke nan. Ku rubuta abin da kuka ga dama, ni a bakina tsallake-maigadi ne. To "firmware" fa, manhajar da ke dashe cikin guntun, me kika sa?

Malama Mai Alli: Famwaya. Sai da safe.