Shekara biyu ana lissafin kiwon kaji, tsako ɗaya bai shigo gida ba

Daga Kano: Assalamu alaikum. Akwai wata matsala da ta yi yawa a cikin masu son shiga kiwon kajin nama. Mutum ya cika littafi da lissafi, ya zana kejin kaji dubu, ya kalli bidiyo ba adadi, amma kullum akwai abu ɗaya da ya rage: sai an haƙa rijiyar burtsatse, sai an sa sola, sai abinci ya sauko. Kafin ya waiwayo, farashin da ya rubuta ya tsufa, sai ya koma farko. Masu hannu a harkar, ku taimaka: wane shiri ne dole, wanne ne jiran gawon shanu?

Daga Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Maganin wannan ciwon shi ne a rage adadin har ya daina ba da tsoro. Hamsin, ba dubu ba. Kaji 50 ɗaki mai mita 2 da 3 ya ishe su har ranar sayarwa. Kowace kaza tana cin kilo 4 zuwa 4 da rabi a mako shida, ke nan buhu 8 zuwa 9 na kilo 25. Mazubin ruwa biyu da na abinci biyu sun isa a farko, a ƙara idan sun girma. Wannan lissafin shafi ɗaya ne. Duk abin da ya wuce shafi ɗaya a zubin farko zato ne kawai, don ba ka san iskar ɗakinka ba, ba ka san ruwan unguwarku ba, ba ka san wa zai saya ba.

Sannan ka je wurin dillalin 'yan tsaki ka biya kafin alƙalami, a ba ka rana. Da zarar an ce ranar kaza za su iso, shirin da ya ƙi ƙarewa a shekara biyu zai ƙare a kwana goma.

Daga Gombe: Na yarda da Yaya na Zariya, amma a yi hattara, kada mai karatu ya ɗauka an ce ya afka haka nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai abubuwan da in ba su kammala ba kafin tsaki su sauka, asara ce tsagwaronta.

Ɗakin a wanke shi, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya bushe kwanaki. A zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kaurin santimita 5, a shimfiɗa jarida a kai na kwanakin farko don kada su ci ɓuntun a maimakon abinci. A kewaye su da kwali a zagaye, saboda in akwai kusurwa can za su taru su danne juna, da safe a tsinci gawa. A kunna kaskon gawayi sa'o'i kafin isowarsu, ƙasa ta ɗau ɗumi, gawayin kuma sai ya ruru a waje hayaƙinsa ya fita. Makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kamar 3 kowane mako. Kuma a bar kafar iska ta sama. Masu liƙe ko'ina da leda don tsoron sanyi su ne iskar gawayi ke kashe wa tsaki.

Yawancin tsakin daga wajejen Ibadan ake ɗauko su, sun kwana a mota, sun galabaita. Ruwa mai gulukos da bitamin za a fara ba su, abinci ya biyo baya.

Daga Maraɗi: Ƙari a kan na Hajiya ta Gombe. Wasu sukan ce ba za su fara ba sai sun sami ma'aunin zafi mai kyau. Yana da amfani, amma tsakin da kansu ma'auni ne. Ka tsuguna ka kalle su minti biyar. In sun cunkushe a gindin kasko suna tsuwa mai ƙarfi, sanyi ne. In sun gudu jikin kwali baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. In sun koma gefe guda, iska ce ke shigowa ta wata kafa. In sun warwatsu, wasu na ci wasu na barci, ka tashi ka ba su wuri. Wannan karatun ba ya shiga kai daga littafi, sai a gaban kasko da tsakar dare.

Daga Jos: Rigakafi shi ne wurin da ba a sassauci, kuma shi ma ba ya buƙatar dogon nazari. Na cutar Gumboro da kuma Lasota, wato na cutar Newcastle, a ruwan sha. Jadawalin ranakun a karɓe shi daga likitan dabbobi na yankin ko inda aka ƙyanƙyashe tsakin, a bi guda ɗaya tak. Mai tara jadawali biyar daga intanet yana kwatanta su, ranar takan wuce shi bai yi ko ɗaya ba. Inda aikin ke lalacewa: a ɗauko kwalbar a aljihu maimakon fulas mai ƙanƙara, ko a haɗa da ruwan famfo mai kulorin, wanda ke kashe maganin. A janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu su ji ƙishi, a ba su da sassafe, su shanye kafin awa biyu.

Daga Katsina: Ni abin da ya fi damuna shi ne masu barin harkar saboda tsako biyu sun mutu. Ɗan'uwa, biyu ko uku cikin hamsin ba gazawa ba ce, haka kiwo ya gada. Abin da ya kamata ya tashe ka tsaye shi ne mutuwa da yawa a rana ɗaya, ko kashi mai jini, ko su daina ci. Nan kam likita, ba jira.

Littafin da aka cika da zane, a buɗe masa sabon shafi: kwanan wata, abincin da aka zuba, adadin da ya mutu, nauyi. Duk mako a ɗora guda goma a sikeli. Tsakon da ya zo da kamar giram 40, a kwana bakwai ya kamata ya ninka sau huɗu. In bai kai ba, a duba ɗumi da yawan mazubi kafin a zargi abinci. Da waɗannan alƙaluman ake tsara zubi na biyu, lokacin ne maganar ɗari ko ɗari biyu take da tushe.

Daga Kano: Allah ya saka. To lokacin farawa fa? Nan ma da yawa ke maƙalewa.

Daga Zariya: Kowane lokaci da nasa. Hunturu gawayi yake ci, damina danshin ɓuntu take kawowa. Wanda dai sabon shiga zai kauce wa shi ne kajinsa su yi nauyi a tsakiyar zafin Maris zuwa Mayu, don manyan ne zafi ke kayarwa. In Sallah ake hari, a ƙirga mako bakwai baya. Masu saye kuwa tun mako na huɗu ake nemansu: masu gasa kaji, masu abincin sayarwa, maƙwabta. Kada son farashin da babu kamarsa ya sa a riƙe su bayan sun kai. Daga mako na shida kowace kaza tana cin kusan giram 200 a rana, hamsin ke nan buhu guda duk kwana biyu da rabi.