Neman kalma: me za mu kira allurar da babu magani a cikinta?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wani aiki da likitocin gashi, wato masu gashin ƙashi da tsoka a asibiti (physiotherapy), suke yi wa masu ciwon tsoka, wanda Turawa ke kira dry needling, har yau ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba. Wanda aka yi wa a asibiti, in ya koma gida sai ya ce "an yi mini allura a baya". A tambaye shi ta wane magani ce, ya rasa ta cewa, domin babu ko ɗigon magani a cikinta. Ina so mu raɗa masa suna a wannan zaren. Ina da nawa a hannu, amma sai mun fara sanin aikin tukuna.

Waɗanda suka fi haɗuwa da shi su ne samarinmu masu ɗaga ƙarfe a gidajen motsa jiki, da masu zaman kwamfuta da suka tashi rana ɗaya suka shiga atisaye da ƙarfi. Wurin da ciwon ya fi kama su shi ne saman gadon baya: tsokar da ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗa, da waɗanda suke tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya. Bayan ciwon farko ya lafa, sai wani ɗan curi mai tauri ya rage a cikin tsokar. In an danna shi, zafin ba ya tsayawa a nan, sai ya harba wuya, ko bayan kunne, ko ya sauko hannu. Wannan curin ni ƙulli nake ce masa, ƙullin tsoka, kuma ban ji wanda ya yi gardama a kai ba.

Ƙullin nan likitan gashi yake nema da yatsa. In ya same shi, sai ya tsira masa wata siririyar allura wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba. Ba ta da rami a ciki, ba ta da sirinji a gindi. Sau da yawa tana taɓa wurin sai tsokar ta zabura da kanta, mai ciwon ya ji ta harba, daga nan ta ɗan saki. A zare allurar a jefar. Wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu.

To me ya sa Turawa suka ce mata busasshiya? Sai an koma tarihi. Wata likita 'yar Amurka, Janet Travell, wadda ta zama likitar Shugaba Kennedy a 1961, ita ce ta yi suna wajen nazarin waɗannan ƙulle-ƙulle. Tun a 1942 ta rubuta yadda ake ɗura musu ruwan kashe zafi da sirinji don maganin ciwon kafaɗa. An kuma lura cewa ko ba a ɗura komai ba, sukar kanta tana rage ciwon. Wani likita a Prague mai suna Karel Lewit ya wallafa bincikensa a kan haka a 1979, inda ya nuna cewa allurar ce take aikin, ba ruwan da ke cikinta ba. Saboda haka aka samu iri biyu, mai ruwa da marar ruwa. Kalmar tasu ba ta nufin komai illa "ba a ɗura komai ba". Wannan ma'anar ce za mu ɗauko, ba harafin ba.

Shi ya sa ban karɓi "busasshiyar allura" ba, duk da ita ce ta fi saurin zuwa baki. A Hausa busasshen abu shi ne wanda ya taɓa jiƙa ya bushe. Mai ji zai ɗauka maganin ne ya ƙafe a ciki, ko tsohuwar allura ce aka ɗauko. Sunan da zai sa majinyaci zargin kayan aikin tun kafin a taɓa shi bai yi ba.

Wani ɗan uwa ya kawo "allurar jijiya". Malam, na san inda ka dosa, domin mutanenmu in baya ya riƙe su sai su ce jijiya ce ta ɗaure. Amma ka duba nauyin da muka ɗora wa kalmar nan: hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya ce, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ita ma jijiya ce. Kuma a kowane asibiti in aka ce allurar jijiya, wadda ake ɗurawa ta hanyar jini ake nufi. Wannan kuwa hanyoyin jini ma kauce musu ake yi.

"Allurar Sin" fa? Nan akwai gaskiya kaɗan, domin siririyar allurar da ake amfani da ita yanzu irin ta masu akufanca ce, wato maganin gargajiyar Sin na tsira allurai a jiki. Sai dai tunanin ba ɗaya ba ne. Maganin gargajiyar Sin yana bin wasu layuka da suka yi imani ƙarfin jiki yana gudana ta cikinsu, har a iya tsira allura a ƙafa don ciwon kai. Wannan kuma ƙullin da yatsa ya taɓa ake bi, bisa ilimin tsarin tsoka. A Amurka har kotu an je tsakanin masu akufanca da likitocin gashi a kan wa ke da ikon riƙe allurar. Kada mu shigo da rikicin cikin Hausa ta hanyar suna.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne "sakiyar zamani", kuma a nan zan daɗe.

Sakiya aikin wanzamai ce, a huda kumburi don mugunya ta fita. Ita da ƙaho da tsaga duk suna da tunani ɗaya a bayansu, wato akwai mugun abu a ciki, a buɗe masa hanya. A wannan aikin kuwa babu abin da ke fita. Amma ba kuskuren ma'ana ne babbar damuwata ba. Damuwata ita ce duk sunan da ya jingina aikin ga sana'ar da aka saba yi a zaure, zai sa a ɗauka kowa ma yana iya yi. Kuma saman baya ba wurin gwaji ba ne. Ƙarƙashin tsokar nan haƙarƙari ne, ƙarƙashin haƙarƙari huhu ne, kuma a jikin siririn mutum tazarar ba ta da yawa. Ƙololuwar huhu ma takan leƙo sama da ƙashin wuya. In allura ta zarce ta tsakanin haƙarƙari ta huda rigar huhu, iska ta shiga inda bai kamata ba, huhun sai ya lotsa. Abin ba ya yawan faruwa, amma ya faru, an rubuta shi a mujallun likitoci. Wanda aka horar ya san yadda zai tsinko tsokar da yatsu ya ɗaga ta, ko ya saita allurar kan ƙashi, don kada ta wuce. Mai koyar da ɗaga ƙarfe da ya kalli bidiyo a waya bai san wannan ba. Duk wanda aka yi wa a baya ko kafaɗa, daga baya ya ji numfashi yana yi masa wuya, ko ƙirji yana suka, ko busasshen tari ya taso masa, ya tafi asibiti a lokacin, kada ya jira gari ya waye. Ga kuma batun tsabta: allura sabuwa daga leda, ta mutum ɗaya, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Mai shan maganin tsinka jini da mai juna biyu su faɗa kafin a fara. A Najeriya akwai hukumar MRTB da ke yi wa likitocin gashi rajista, kuma ba laifi ba ne ka tambayi mai shirin soka maka allura ko yana da rajista, kuma ko ya koyi wannan aikin musamman.

Na so "allura zalla" na ɗan lokaci. Abin da ya kayar da ita shi ne an riga an saba cewa "allura zalla aka ba ni, ba ƙwaya".

Nawa shi ne gayan allura.

Bahaushe ya daɗe da kalmar da yake kiran abu in ya zo babu mahaɗinsa. Gayan tuwo tuwo ne ba miya. Allura a wurinmu mahaɗinta magani ne, shi ya sa muke cewa allurar barci, allurar rigakafi, allurar zazzaɓi. In ta zo babu shi, gaya ce ta zo. Kalmar tana shiga magana ba tare da tuntuɓe ba: "An yi mini gayan allura a kafaɗa." "Likita ya ce sai an yi gayan allura sau biyu." Tsohuwa a Kano za ta gane, haka ta Maraɗi ko Damagaram, inda ake kiran likitan gashi da sunan Faransanci, kine. Kuma ta bar mana gurbi ga 'yar uwarta: wadda ake ɗura ruwan kashe zafi a cikin ƙullin, irin ta Travell, sai mu ce mata allurar ƙulli. Mun samu biyun ke nan, kowace da sunanta.

Wata baiwar Allah, ma'aikaciyar lafiya, ta ce gaya kalma ce ta rashi, za ta rage wa aikin daraja a idon majinyaci. Hajiya, na ji, kuma na auna. Amma ina ganin rage darajar nan daidai take da abin da bincike ya nuna. Allurar tana rage zafi na ɗan lokaci, kwanaki zuwa makonni, ta ba mutum damar juya wuya da ɗaga hannu. Ba a tabbatar ta fi sauran hanyoyin gashi ba in tafiya ta yi nisa. Abin da ke hana ciwon dawowa shi ne atisayen da likita zai ba ka na ƙarfafa tsokokin allon kafaɗa, da gyara yadda kake ɗaga nauyi, da komawa ƙarfe a hankali. Sannan sabon rauni, wanda tsoka ta ɗan yage jiya ko shekaranjiya, ba na allura ba ne. Wannan hutu yake so da motsi kaɗan-kaɗan. Shi ya sa na ƙi "allurar warware tsoka" duk da daɗinta a kunne, domin ta yi alkawarin da ba lallai ta cika ba. Wanda aka ce masa gaya ne, zai tambayi abin da za a haɗa masa da shi, kuma tambayar da muke so ya yi ke nan.

Saura nahawu. Gaya namiji ne, don haka "gayan allura ne", ba "gayar allura ce" ba. Mai yin aikin ba ya bukatar sabon suna, likitan gashi ne. Masu aiki a sashen gashi na asibitocinmu da ɗaliban fannin a jami'a, ku gwada kalmar a kan majinyata a wannan makon, ku dawo mana da abin da suka fahimta da kuka faɗa, musamman ko sun sake tambayar wane magani ne a ciki.