Yaya ake gasa dankalin Hausa ya fito da zaƙi da laushi?

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum yayyena. Ina son gasa dankalin Hausa a oben, ya zama ɗan abin zaƙi a gefen gasasshiyar kaza. Me ke sa bayansa ya ƙone cikin kuwa da sauran tauri, ko ya bushe ya riƙa shaƙe mutum? Sukari ake sa masa ko zuma?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Wuta ce ke yin yawa. Zaƙin dankali a hankali yake fitowa, lokacin da zafin cikinsa yake tsakanin digiri 60 da 75, a nan sitacinsa ke juyewa sukari. In kika zabga masa wuta ya tsallake wannan gaɓar da sauri, zai nuna amma salam.

Ki samu kilo 1, ki fere, ki yanka da kauri kamar yatsu biyu, girmansu ɗaya. Ki cuɗa da man shanu ko bota cokali 3, gishiri kaɗan, garin kirfa rabin ƙaramin cokali. Ki jera a faranti, ki rufe da takardar alminiyam, ki sa a digiri 160 na minti 35. Rufin nan shi ke hana bushewa, don tururinsa ne ke dafa shi. Sai ki buɗe, ki ƙara wuta zuwa 200, minti 15, ki juya sau ɗaya. Zuma cokali 2 sai a minti 5 na ƙarshe. In ta shiga da wuri ƙonewa take ta yi ɗaci.

Hajiyar Kicin:
Ki lura da irin dankalin ma, 'yata. Mai farin ciki ya fi gari, shi ke shaƙewa, yana son ƙarin mai. Mai ciki ruwan lemo ya fi ruwa da laushi, zuma cokali 1 ta ishe shi. Sabon haƙa ba ya zaƙi, a bar shi ya sha iska a inuwa kamar mako biyu. Kada a sa ɗanye a firji, sanyi na taurara tsakiyarsa. Wanda ƙwaro ya huda kuwa a yar, ɗacinsa ba ya jin zuma.

Maman Yara:
In babu oben, a zuba yashi mai tsabta a gindin tukunya, a ɗora farantin a kai, a rufe, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan bisa murfi. Zai kai awa guda. In wuƙa ta shige ba turjiya, ya yi.