Tambaya: Manhajar da kowa ke iya leƙa cikinta, za a iya amince mata da kwamfutocin makaranta?

Malamin Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da matasansa. Ni ne ke kula da wata ƙaramar makarantar Islamiyya da boko a nan Aboabo, cikin Kumasi, kuma muna da kwamfutoci goma sha ɗaya na hannu, waɗanda wani bawan Allah ya saya mana a Adum shekaru huɗu da suka wuce. Goma daga ciki yara ne ke koyon darasi a kansu, ɗaya kuwa tana ofishina, a cikinta muke ajiye sunayen ɗalibai da lambobin wayar iyayensu da lissafin kuɗin makaranta. Windows 10 ne a kan dukkansu, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban san ta wace hanya aka saka shi ba, domin ba mu taɓa biyan ko sidi ɗaya na lasisi ba.

Ɗan ƙanena da ke karatu a jami'ar KNUST ya zo hutu, ya shaida mini cewa Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma injinan namu sun tsufa, ba za su karɓi Windows 11 ba. Shawararsa ita ce a goge komai a saka Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice na rubuta takardu, da Firefox na shiga intanet, domin a cewarsa kyauta ne, kuma rubutun da aka gina su da shi a buɗe yake, kowa na iya karantawa. To, a nan ne hankalina ya ƙi kwanciya. Mu dai mun taso muna jin cewa araha ba ta ado, banza kuma ba ta kai zomo kasuwa. Bayan haka, idan magini ya manna taswirar gidana a bakin titi, ya nuna inda ƙofa take da irin kwaɗon da aka sa mata, ai ɓarawo ne zai fi kowa murna. Ina roƙon masana su warware mini: wa ke biyan masu yin waɗannan manhajoji, kuma ta yaya abin da yake a buɗe zai zama mai aminci?

Mai Gyara na Adum ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara muku lafiya. Na fi shekara goma ina gyaran kwamfuta a Adum, kuma zan fara da abin da ba ku tambaya ba, domin shi ya fi tayar mini da hankali: Windows ɗin da ke kan injinanku a yanzu. Idan ba a biya lasisi ba, a mafi yawan lokuta an yi amfani ne da wata 'yar manhajar fasa kwaɗo da aka sauko da ita daga shafin da ba a san mai shi ba, kuma kafin ta yi aiki sai an kashe mai gadin kwamfutar, wato manhajar kashe cuta, tukuna. Wato da hannunka ka sallami mai gadi, ka buɗe wa baƙo ƙofa, ka ce ya shiga ya gyara maka ɗaki. A bara wani ɗan kasuwa ya kawo mini kwamfutarsa yana kukan cewa ana shiga akwatin saƙonninsa, da na bincika sai na tarar abin da ke kwashe masa kalmomin sirri ya shigo ne tare da irin wannan manhaja. Saboda haka kwatancen da ya dace da halinku shi ne tsakanin buɗaɗɗiyar manhaja da manhajar sata wadda aka daina gyarawa, kuma a wannan kwatance ba na ko shakkar wadda zan zaɓa.

Game da kyauta kuwa, asalin maganar 'yanci ce, kuɗi daga baya ya biyo. Richard Stallman ya sanar da aikin GNU, na gina manhajar tafiyar da kwamfuta, a Amurka a 1983 da nufin mai kwamfuta ya sami 'yancin amfani da manhaja, da nazarin yadda take aiki, da gyara ta, da raba ta ga wasu. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Finland, ya fitar da zuciyar Linux, wato ɓangaren da ke sarrafa injin kansa, wadda ake haɗawa da manhajojin GNU. A yau manyan kamfanoni ne ke biyan albashin da yawa daga cikin masu wannan aiki, domin su ma da shi suke cin abinci. Kamfanin IBM ya sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34, alhali sana'ar Red Hat ita ce kula da Linux ga manyan ma'aikatu. Ubuntu, wani nau'in Linux wanda a kansa aka gina Linux Mint, wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Mark Shuttleworth ne ya kafa shi a 2004. Wayar Android da ke aljihunku ma a kan zuciyar Linux take tafiya. Ba banza ba ce, Malam, wasu ne suka biya a wani wuri.

Misalinku na kwaɗo ya yi kyau, amma ku dubi wannan: duk maƙerin da ke Suame ya san yadda cikin kwaɗo yake, duk da haka kwaɗo mai kyau ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa. Sirrin yana cikin mabuɗi, wato kalmar sirrinku, ba ya cikin taswira. Shi kuwa ɓarawon intanet yana da kayan aikin da yake tona ramukan rufaffiyar manhaja ko ba a nuna masa rubutunta ba. Wanda rufewa ke hanawa dubawa shi ne mutumin kirki. Abu na ƙarshe da na fi so a Linux Mint shi ne, manhajojinsa daga rumbu ɗaya na intanet ake ɗauko su, kowace da hatimin masu kula da rumbun, kuma injin ba zai karɓi wadda hatiminta bai dace ba. Wannan kaɗai ya rufe ƙofar da mafi yawan cututtukan da nake gani a shagona ke shigowa ta cikinta.

'Yar Asawase ta rubuta:

Baba Malam, barka da ƙoƙari. Aikina kula da manyan kwamfutocin wata ma'aikata ne, kuma Linux nake amfani da shi kullum, amma ina so in ɗan rage wa maganar Yaya Mai Gyara zaƙi, kada ku ɗauka buɗewa laya ce. Cewa kowa na iya dubawa ba ya nufin akwai wanda ya duba.

A watan Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan duniya ke dogaro da ita wajen ɓoye bayanan masu shiga. Ɓarakar ta yi kimanin shekara biyu a fili, a rubutun da kowa ke iya karantawa, ba wanda ya lura, domin 'yan tsirarun mutane ne ke ɗauke da aikin, kuma tallafin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Na biyun ya fi ban tsoro. A ƙarshen Maris na 2024 aka gano cewa wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimaka wa aikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, har aka amince da shi aka ba shi ikon fitar da sabon zubi, sannan ya dasa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da na 5.6.1. Wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga injinsa daga nesa ya ƙara jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya tono ta, tun kafin ta isa zubin nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu da jama'a ke amfani da su. Wannan labari yana da fuska biyu: buɗewa ce ta ba mugu damar shiga sahu, ita ce kuma ta ba Freund damar kama shi, domin da rubutun a rufe yake, iyakarsa ya yi ƙorafin jinkiri ya haƙura.

Akwai kuma wanda ya shafe ku kai tsaye. A ranar 20 ga Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafin Linux Mint, suka sauya hanyar saukewa zuwa wani gurɓataccen kwafi na zubi na 17.3, kuma masu aikin da kansu ne suka sanar da duniya ba tare da ɓata lokaci ba. Don haka idan ɗanku zai sauko da shi, ya ɗauko daga shafinsu na asali, ya kuma gwada lambar tantancewa ta SHA256 da sa hannun da ke tare da ita kafin ya zuba a filash, kada ya karɓi kwafin da wani ya miƙo masa a kasuwa. Ya kuma yi hattara da tallace-tallacen da ke fitowa a saman sakamakon bincike, domin an sha amfani da sunayen sanannun manhajoji irin su GIMP wajen jan mutane zuwa shafukan bogi.

A ɗaya ɓangaren, cutar WannaCry da ta kama kwamfutocin Windows a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a ganina tambayar da ta fi dacewa a yi wa kowace manhaja ita ce, akwai mai liƙe tsagar, kuma kuna karɓar liƙin? Linux Mint 22 zai ci gaba da samun gyara har 2029.

Hajiya Mai Buga Takardu ta rubuta:

Malam, sannu da ɗawainiyar yara. 'Yata ta Asawase ta yi bayanin masana, ni kuma zan yi na mai shago, domin buga takardu da kwafi nake yi a kusa da Alabar. Ban yarda a goge injina goma sha ɗaya a rana ɗaya ba. Linux Mint yana iya tashi daga filash ba tare da ya taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba, don haka a fara gwada shi a haka, a ga ko firinta da sauti da intanet suna aiki, domin ni akwai wata tsohuwar firinta tawa da ta ƙi amsawa sai da aka sha wahala. Ku sani kuma takardar da aka tsara a Word, musamman mai tebur da yawa, takan ɗan goce idan aka buɗe ta a LibreOffice, saboda haka abin da za a aika wa hukuma gara a mayar da shi PDF. Littattafan da yara ke karantawa don jarrabawar BECE ma hotunan Windows suka fi nunawa, don haka ina ganin a bar inji ɗaya ko biyu da shi, amma a raba su da intanet kwata-kwata. Abin da zai faranta muku shi ne rubutun Larabci daga dama zuwa hagu yana tafiya lafiya, kuma a cikin jerin allunan rubutu akwai na Hausar Ghana.

Wadda ke ofishinku ita ce amanar, kuma Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Kafin a taɓa ta, a kwafe komai wuri biyu, ɗaya a ajiye a gida, domin ɗaukewar wuta da ɓarawon da ya sunkuci injin ɗungurungum ba ruwansu da wace manhaja ce a ciki.

Malamin Aboabo ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na fahimci cewa tsoron da nake yi wa baƙo, ashe wanda ke kwana a ɗakina ya fi cancantarsa. Mun yanke cewa ranar Asabar za mu gwada daga filash a injina uku, kamar yadda Hajiya ta ce. Saura abu biyu: shin sai mun nemi manhajar kashe cuta, kuma yaya za mu yi da kuɗin data idan kowane inji zai riƙa sabuntawa?

Mai Gyara na Adum ya rubuta:

Malam, ga injinan yara ba sai kun saka ba, muddin daga rumbun kawai ake ɗauko manhaja. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a buɗe wa yara asusu marar ikon saka komai, kalmar sirrin shugaba kuma ta tsaya a wurinku da malami ɗaya, kada a rubuta ta a jikin allo. A kunna katangar tsaro, domin tana zuwa a ciki amma a kashe, a kuma kunna Timeshift don a iya mayar da injin yadda yake idan wani abu ya lalace. A kwamfutar ofis, ɗanku ya zaɓi kulle ma'ajiyar cikin injin gaba ɗaya da kalmar sirri a lokacin sakawa, sai dai ku riƙe wannan kalma da kyau, domin idan ta ɓace ko ni ba zan iya buɗe muku ba. Za ku iya ƙara mata manhajar kashe cuta ta ClamAV saboda filash ɗin da iyaye da malamai ke kawowa, kada ku zama masu kai cuta daga wannan Windows zuwa wancan.

Batun data kuwa, ya saka apt-cacher-ng a inji ɗaya, shi zai sauko da gyaran sau ɗaya, sauran su ɗiba daga wurinsa ta wayar da ta haɗa su. Idan ƙwaƙwalwar wasu injinan ba ta wuce gigabait 2 ba, ya ɗauko zubin Linux Mint mai suna Xfce, ya fi sauƙin nauyi. Ranar Asabar bayan Azahar ina rufe shago da wuri, idan kuna so zan biyo ta Aboabo da filash ɗin da na riga na tantance, amma duk da haka ɗanku ya sake gwada lambar a gabana kafin mu fara.