Hoto yana ƙin tsayawa inda na ajiye shi a Word

Ɗalibar ajin ƙarshe, Yelwa:
Assalamu alaikum. Ina rubuta kundin bincikena na kammala karatu a Word, kuma a babi na huɗu akwai hotunan gonaki da taswirar ƙaramar hukumar Dass. Duk lokacin da na liƙa hoto, ko dai ya tsallaka shafi na gaba ya bar fili a ƙasa, ko kuma idan na ja shi da linzami ya hau kan rubutu ya rufe shi. Abin da ya fi damuna shi ne, da zarar na ƙara rubutu a sama, sai hoton ya rabu da bayanin da ke ƙarƙashinsa. Don Allah malamai, yaya zan shawo kan wannan?

Malamin kwamfuta, Fadaman Mada:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Word yana ajiye hoto ne ta hanya biyu. A ta farko, wadda ake kira "In Line with Text", yana ɗaukar hoton tamkar wani babban harafi a cikin layi, shi ya sa idan ragowar shafin bai ishe shi ba yake komawa na gaba. A ta biyu hoton yana shawagi a kan shafi, rubutu ya kewaye shi, ko ya zauna sama da ƙasansa, ko ya bi ta bayansa. Sai dai hoton da ke shawagi a ɗaure yake da wani sakin layi, kuma idan kika danna shi za ki ga alamar ƙugiya a gefen sakin layin. Duk inda sakin layin ya tafi, can hoton zai bi shi, ko da kin zaɓi "Fix position on page", domin wannan zaɓin mazauninsa a kan shafi kawai yake tsayarwa, ba ya hana shi sauya shafi.

A kundin bincike shawarata ita ce ki bar shawagi gaba ɗaya. Ki ba kowane hoto sakin layinsa shi kaɗai a tsarin farko, ki daidaita shi a tsakiya, sannan ki shiga "Paragraph" ki kunna "Keep with next" a wannan sakin layin. Daga nan hoton ba zai sake rabuwa da bayaninsa ba. Filin da ke saura a ƙasan shafi kuwa, ki bar shi sai kin gama rubutu, sannan ki rage girman hoton ta kusurwa ko ki matso da wani sakin layi sama da shi.

Mai shagon buga takardu, Wunti:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Zan ƙara da abin da nake yawan gani a takardun ɗalibai: wani zai liƙa hoto sai ya ga siririn yanki kaɗai, ya zaci hoton ya lalace, alhali tazarar layin ce aka sa a "Exactly". A mayar da ita "Single" a wannan sakin layin, hoton zai fito gaba ɗaya. Idan kuma kina son jera hotuna biyu kusa da juna, ki yi teburi mai gida biyu, ki sa kowanne a gidansa, ki ɓoye layukan teburin. Kuma kafin ki kawo bugu ki mayar da aikin PDF, saboda kwamfutar shago ba lallai ne tana da irin haruffanki ba, kuma shafuka suna iya gocewa.

Ɗalibar ajin ƙarshe, Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hotunan sun zauna yanzu. Amma Malam, me ya sa sabon hoto yake shigowa yana shawagi tun farko?

Malamin kwamfuta, Fadaman Mada:
Amin. Wataƙila an taɓa sauya tsarin a kwamfutar. Ki shiga "File", sannan "Options", sannan "Advanced", ki gangara zuwa sashen yankewa da liƙawa, inda za ki ga "Insert/paste pictures as", ki zaɓi "In line with text". Wannan ya shafi sababbin hotuna ne kawai; waɗanda kika riga kika saka sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya.